Anthony Joshua: gwiwar hannu ta warke, saura haɓa da zuciya

Tun daren 19 ga Disamba, 2025, da Anthony Joshua ya karya wa Jake Paul muƙamuƙi a birnin Miami na Amurka, masoyansa ke ta shelar cewa gwarzonsu ya dawo. Ni dai ban ga wata dawowa a wannan dare ba. Abin da na gani shi ne ƙato, tsohon zakaran duniya har karo biyu, yana bin wani matashi da ya yi suna a YouTube, shi yana bi, wancan yana zillewa yana rungume masa ƙafafu, sai da aka shiga turmi na shida kafin ya samu ya ajiye masa hannun dama inda ya dace. Joshua ya fi Paul tsawo, ya fi shi nauyi da sama da kilo 10, ya fi shi sanin sana'ar nesa ba kusa ba. Netflix ta haska, an tara kuɗi, kowa ya kama gabansa. Amma in ana maganar dambe na haƙiƙa, wanda abokin karawarka ke da hannun da zai iya kwantar da kai, rabon Joshua da irinsa tun ranar 21 ga Satumba, 2024, lokacin da Daniel Dubois ya kai shi ƙasa sau huɗu a filin Wembley, ya kuma gama da shi a turmi na biyar. Bayan nan aka yi masa tiyata a gwiwar hannu a 2025, ya shafe wata 15 bai hau fage ba.

Kwana goma bayan damben Miami, ranar 29 ga Disamba, motar da yake ciki ta afka wa wata babbar mota da ke tsaye a kan hanyar Legas zuwa Ibadan, a jihar Ogun. Aminansa biyu, waɗanda kuma suke cikin masu kula da atisayensa, suka rasu nan take. Shi Allah ya yi da sauran kwanansa, ya fita da raunuka marasa tsanani. Wanda ya ga irin wannan da idonsa, in ya ce ya ajiye safar hannu har abada, babu mai bakin cewa don me. Hukuncin nasa ne shi kaɗai, kuma babu mai sharhin da ke da ma'aunin auna abin da rashin nan ya yi masa. Abin da za a iya aunawa shi ne ɓangaren sana'a: mutum mai shekara 36, da tabon tiyata a hannu, da mummunan kaye a bayansa, me ya rage masa a ajin masu nauyi?

A ganina gwiwar hannun ita ce mafi sauƙin matsalolinsa, dogon hutun ma bai kai yadda ake tsoratar da shi ba. Tarihin wannan aji ya nuna cewa abin dubawa shi ne halin da ɗan dambe ya bar fage a ciki, da kuma makamin da ya dogara da shi tun asali.

'Yan Najeriya da suka daɗe suna bin damben zamani ba za su manta da Oktoban 2008 ba. A lokacin namu ne ke riƙe da kambun duniya na hukumar dambe ta WBC, wato Samuel Peter ɗan Akwa Ibom, wanda ya ƙwace shi daga hannun Oleg Maskaev a watan Maris na shekarar. Aka haɗa shi da Vitali Klitschko a Berlin. Rabon Vitali da dambe tun Disambar 2004, da ya doke Danny Williams. A 2005 jijiyar gwiwarsa ta tsinke yana shirin karawa da Hasim Rahman, ya ce ya yi ritaya, ya shiga siyasar ƙasarsu Yukiren. A 2007 ya yi yunƙurin dawowa, ciwon baya ya sake kwantar da shi. Ga shi da shekara 37, ga kusan shekara huɗu bai hau fage ba, kuma bai nemi ko damben share fage guda ɗaya ba, kai tsaye ya tunkari mai kambu. Da yawa sun ɗauka Peter zai tattake shi. Da aka kaɗa ƙararrawa sai labari ya sha bamban. Vitali ya tsaya daga nesa yana yi masa ruwan naushi, hagu ta buɗe hanya, dama ta biyo baya, turmi bayan turmi, har fuskar Peter ta kumbura. Bayan turmi na takwas Peter ya zauna a kujerarsa ya ce ya isa. Vitali ya ci gaba da kare kambun sau 9 kafin ya ajiye dambe, yau kuma shi ne magajin garin Kyiv.

Me ya sa hutun shekara huɗu bai ci shi ba? Da farko dai, ba duka ne ya kore shi daga fage ba. Yana zakara ya tafi, kuma a duk tsawon sana'arsa babu wanda ya taɓa kai shi ƙasa. Kaye biyun da ke cikin tarihinsa ma rauni ne ya jawo su: kafaɗa a damben Chris Byrd a 2000, da tsagewar fatar ido a damben Lennox Lewis a 2003, kuma a duka biyun yana gaba da maki aka tsayar. Mutumin da bai taɓa ɗanɗana faɗuwa ba, ba ya shiga fage da fargabar ta. Sannan salon dambensa bai dogara da tsalle-tsalle ba. Dogo ne mai fiye da mita biyu, yana ja da kansa baya kaɗan naushi ya wuce, ya rama. Tsawo ba ya tsufa, haɓa mai ƙwari kuma hutu ba ya rage mata komai. Gwiwa da baya ne suka buƙaci gyara, aka gyara su, sauran kayan aikin suna nan yadda ya bar su.

David Haye kuwa nasa labarin daban ne, kuma shi ne ya kamata Joshua ya riƙa tunawa, don duka su 'yan Ingila ne, a gaban idonsa aka yi. Haye ya hau ajin masu nauyi daga ajin da ke ƙasa da shi, ƙarami ne a cikin ƙattai, jarinsa sauri. Da saurin ƙafa da na hannu ya ƙwace kambun WBA daga Nikolai Valuev a 2009, mutumin da ya fi shi nauyi da kusan kilo 45. Bayan ya doke Derek Chisora a Yulin 2012 sai jiki ya fara ba shi matsala. Sau biyu ana sa ranar dambensa da Tyson Fury ana fasawa, na farko saboda ya tsage a gira wurin atisaye, na biyu saboda kafaɗa, wadda aka yi wa babbar tiyata a ƙarshen 2013. Shekara uku da rabi bai yi dambe ba. Da ya dawo a Janairun 2016 aka kawo masa Mark de Mori, ya kwantar da shi a turmin farko. A watan Mayu aka kawo Arnold Gjergjaj, ya gama da shi a turmi na biyu. Jaridu suka ɗauka, aka ce Haye ya dawo da ƙarfinsa, har ya fi da.

Waɗannan nasarori biyu su suka yaudare shi, suka yaudari masu kallo. Babu ɗaya daga cikin mutanen biyu da ya sa shi ya yi gumi, balle ya tilasta wa ƙafafunsa aikin turmi goma. Ranar 4 ga Maris, 2017, ya haɗu da Tony Bellew, wanda shi ma daga ƙaramin aji ya hauro, kuma kusan kowa ya ba Haye nasara tun kafin a fara. A turmi na shida agarar ƙafarsa ta dama ta tsinke. Ya daure yana ɗingishi, a yaba masa a nan, har turmi na 11, inda Bellew ya tura shi waje ta tsakanin igiyoyi, mai horar da shi ya jefa tawul. Kafaɗar da aka kashe kuɗi aka gyara lafiyarta ƙalau, wani wurin ne ya ɓalle. Aka sa ranar ramuwa, sai damtsensa ya yage, aka ɗaga. Da aka yi a Mayun 2018, Bellew ya gama da shi a turmi na biyar. Shekarun Haye a damben farko 36, daidai shekarun Joshua a daren damben Paul.

Shi ya sa damben Jake Paul bai kwantar mini da hankali ba. Ya tabbatar da cewa gwiwar hannun na iya miƙewa, damar kuma har yanzu tana karya ƙashi. Wannan kuwa De Mori ma ya tabbatar wa Haye.

Masu kare Joshua suna da hujja mai ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Suna cewa shi ba irin Haye ba ne, bai taɓa dogara da gudu ba, jarinsa ƙarfin hannu ne, kuma ƙarfin hannu shi ne abu na ƙarshe da ke barin ɗan dambe. Haka ne. A nasarori 29 da ya yi zuwa damben Paul, 26 bugun kwaf ɗaya ne. Sai su kawo misalin George Foreman, wanda ya bar dambe a 1977, ya yi shekara goma yana wa'azi a coci, ya dawo a 1987 da tumbi, a ƙarshe ya kwantar da Michael Moorer a turmi na goma a Nuwambar 1994, ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 45. Abin da ba sa faɗa shi ne farashin da Foreman ya biya. Ya yi dambe fiye da 20 a cikin shekara huɗu, mafi yawa a ƙananan zaure da ƙananan kuɗi, ana yi masa dariya, kafin ya nemi kambu a hannun Evander Holyfield a 1991, kuma ko a lokacin bai samu ba. A hankali ya sake koya wa jikinsa sana'ar, ya sauya salo, ya daina ɓarnar ƙarfi, ya koyi haƙuri. Joshua ba shi da wannan dama. Ya yi tsada da yawa. Duk fitowarsa sai an cika filin ƙwallo ko an kwashi jama'a zuwa Riyad, kuma wanda ake biya irin waɗannan miliyoyi ba a barinsa ya yi dambe shida a shekara da waɗanda ba a san su ba. Daga 2020 zuwa 2022 sau ɗaya yake fitowa a shekara. Arzikinsa ya toshe masa hanyar da Foreman ya bi.

Akwai kuma wani abin da Foreman ke da shi wanda aka fi saurin mantawa: yana shan duka bai girgiza ba. A nan ne ainihin ciwon Joshua yake, kuma ya girmi ciwon gwiwar hannu da shekaru.

A koma 1 ga Yuni, 2019, a Madison Square Garden da ke New York. Andy Ruiz ya shigo ne a matsayin cike gurbi, bayan an kama Jarrell Miller da ƙwayoyin ƙara kuzari. A turmi na uku Joshua ya kai Ruiz ƙasa. Ruiz ya tashi, Joshua ya afka masa don ya ƙarasa, ya bar kansa a buɗe, sai hagun Ruiz ta same shi a gefen kai. Daga nan ƙafafunsa ba su sake zama nasa ba. Ya faɗi sau biyu a turmin, ya ƙara biyu a na bakwai, alƙali ya tsayar. Yanzu a dubi daren Dubois. Tun ƙarshen turmin farko wata dama ta sama ta kai shi ƙasa, saboda yana ja da baya hannunsa na hagu a sauke. Ya sake faɗuwa a na uku da na huɗu. A turmi na biyar sai ya samu sa'a, damarsa ta shiga, Dubois ya ja baya. Joshua ya ga kamar ga dama ta samu, ya ruga ciki zai ɗaga naushi daga ƙasa, haɓarsa a fili, Dubois ya tare shi da gajeruwar dama. Ko minti ɗaya ba a cika ba a turmin. Shekara biyar tsakani, masu horarwa daban, ƙasa daban, amma kuskuren guda ne: lokacin da ya ji ƙanshin nasara ne yake mance tsaron kansa, kuma in aka girgiza shi sau ɗaya yakan daɗe bai dawo hayyacinsa ba.

Da ba haka yake ba, kuma wannan ne abin takaicin. A Afrilun 2017, gaban mutum 90,000 a Wembley, Wladimir Klitschko, ƙanen Vitali, ya kai shi ƙasa a turmi na shida da wata dama wadda da yawa ba za su tashi ba. Ya tashi, ya lallaɓa turmi biyu zuwa uku yana maida numfashi, sannan ya tsayar da Wladimir a turmi na 11. Wancan saurayi mai shekara 27 bai san tsoro ba, don bai taɓa shan kaye ba. Bayan Ruiz sai ya zama mutum mai zuciya biyu. Wata rana ya so ya zama mai wasa daga nesa, yana taɓawa yana kaucewa, kamar yadda ya yi a ramuwarsa da Ruiz a Diriyah ta Saudiyya a Disambar 2019 ya karɓo kambunansa da maki (a tuna dai Ruiz ya zo wannan dare da ƙarin ƙiba, kuma da bakinsa ya amsa cewa bai yi atisaye yadda ya kamata ba). Wata rana kuma ya so ya koma tsohon maharbin nan. Da ya haɗu da Oleksandr Usyk a 2021 sai ya zaɓi ya yi gasar dabara da mutumin da ya fi kowa dabara a zamaninsa, alhali ya fi shi girma da ƙarfi. Ya sha kaye a Landan, ya sake sha a Jidda a 2022.

Yawan sauya mai horarwa ma alama ce. Ya rabu da Rob McCracken, wanda ya raka shi tun zinaren Olamfik na 2012, ya koma wurin Robert Garcia, daga nan Derrick James, daga nan Ben Davison. Kowane malami da nasa karatun. Ɗan damben da ya san ko shi wane ne ba ya yawon neman wanda zai gaya masa.

Za a ce ai tsakanin Usyk da Dubois ya ci dambe huɗu a jere. Gaskiya ne, amma a duba su waye. Jermaine Franklin ya kai shi har ƙarshen turmi 12. Robert Helenius an kira shi ne saura mako guda, yana ɗan shekara 39, kuma Deontay Wilder ya riga ya kwantar da shi a turmin farko wata goma kafin nan. Francis Ngannou ɗan Kamaru gwarzo ne a fagen UFC, inda ake haɗa naushi da shuri da kokawa, amma wannan ne dambensa na biyu kacal a wannan sana'a. Otto Wallin ne kaɗai nasarar da za a ɗaga a nuna, kuma a daren Joshua ya yi kyau ƙwarai, sai dai Wallin ba mai nauyin hannu ba ne. Ranar da aka kawo matashi mai ƙarfi wanda ba ya jin tsoronsa, ginin da aka yi wata 18 ana yi ya rushe cikin turmin farko. In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Shi kansa Dubois misali ne na mai dawowa daga rauni. Joe Joyce ya fasa masa ƙashin kwarmin ido a 2020, ya durƙusa a turmi na goma, aka yi ta zaginsa da cewa ba shi da zuciya. Ya warke, ya dawo, ya zama zakara. Amma shekararsa 23 a lokacin. Fury ma da ya ɓace daga Nuwambar 2015 zuwa Yunin 2018, yana fama da ƙiba da shaye-shaye da ciwon damuwa, bai cika 30 ba ya dawo, kuma bai taɓa shan kaye ba a lokacin. Muhammad Ali ya fi kowa nuna bambancin. An raba shi da fage shekara uku da rabi saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, ya dawo a 1970 yana ɗan 28, ƙafafun sun rage sauri amma ya musanya su da juriya da wayo, har ya doke Foreman a Kinshasa a 1974. Da ya sake gwada dawowa a 1980 yana ɗan 38, bayan hutun shekara biyu, abin da Larry Holmes ya yi masa har yau masoya dambe ba sa son sake kallonsa.

Hutu yana da amfaninsa, kada a yi masa rashin adalci. Wanda aka yi wa irin bugun da Dubois ya yi wa Joshua, kansa na buƙatar watanni ba tare da an taɓa shi ba, kuma gaggawar neman ramuwa ta kashe sana'ar 'yan dambe da yawa. Ta wannan fuska raunin ya yi masa rana, don ya hana shi komawa gaban Dubois cikin wata biyar ko shida kamar yadda aka so a farko. Abin da hutu ke sata shi ne ido da lissafin tazara: sanin daidai inda naushi zai tsaya, da ganin kafaɗar abokin karawa ta motsa kafin hannun ya iso. Ba a samun wannan a jikin buhun atisaye, ba a kuma cika samunsa wurin abokan gwaji da ake biya albashi, masu sanye da hular kariya, waɗanda suka san in suka ji wa maigida ciwo aikinsu ya ƙare. A turmi huɗun farko na damben Paul an ga Joshua yana kai naushi yana dukan iska. Wani zai ce ai Paul gudu yake yi, kuma haka ne. Amma tare hanyar mai gudu a matse shi a lungu yana cikin karatun farko na ajin masu nauyi.

To ina ya dosa? Ƙofar Usyk a rufe take. Mutumin ya doke shi sau biyu, ya doke Fury sau biyu a 2024, ya kuma kwantar da Dubois a turmi na biyar a Wembley a Yulin 2025. Babu wani sabon abu da Joshua zai zo da shi a karo na uku wanda bai da shi yana ɗan 31. A bayansa kuma ga masu tasowa. Fabio Wardley ya tsayar da Joseph Parker a Oktoban 2025. Agit Kabayel na Jamus yana ruguza ƙattai da dukan ciki. Ga Moses Itauma, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, yaron da aka haifa a ƙarshen 2004, ya gama da Dillian Whyte cikin turmin farko a Agustan 2025. Duk mai ƙaunar Joshua ba zai so ya gan shi gaban wannan yaro ba, bahago ne, ga sauri, ga yunwa.

Saura Fury. Wannan dambe ne da Ingila ta shekara goma tana jira. A 2021 an kai ga sa rana a Saudiyya, lokacin duk manyan kambuna huɗu suna hannun su biyun, sai mai sasanci a Amurka ya yanke cewa dole Fury ya sake karawa da Wilder, shiri ya watse. Yanzu kambunan sun bar hannunsu, Fury ya sha sanar da ritaya yana warwarewa, amma kuɗin da ke cikin damben bai ragu sosai ba. Kuma in za a faɗi gaskiya, a cikin manyan sunaye Fury ne ya fi dacewa da Joshua na yau. Ya girme shi da shekara guda, shi ma an sha kai shi ƙasa, Wilder ya yi, Ngannou ma ya yi, kuma ba shi da irin naushi guda mai kashe wuta da Dubois ke da shi. Damar Joshua na iya samunsa. Ina ba Fury rinjaye saboda ya fi shi sanin yadda ake tashi daga ƙasa a ci gaba da tunani, amma ba rinjaye mai yawa ba.

Abin da nake tsoro shi ne hanyar da za a bi a kai can. Eddie Hearn, mai shirya masa dambe tun 2013, ɗan kasuwa ne. Turki Alalshikh, wanda kuɗin Saudiyya ke fita ta hannunsa, babban biki yake so. Ribar su duka tana cikin a kai Joshua gaban Fury ba tare da wani ya taɓa shi a hanya ba, don haka in za a yi damben share fage, za a nemo wanda zai faɗi da wuri ne. Mu ma masu kallo a Najeriya muna da namu laifin. In ya ci, ɗan Sagamu ne, namu ne. In ya faɗi, sai mu tuna ai a Watford aka haife shi. Muna son mu ga ya daki wani, ba mu cika tambayar wane ne aka kawo masa ba.

In har ya zaɓi ci gaba, ni abin da zan so shi ne a ba shi lokaci ya yi makokinsa, sannan a haɗa shi da ɗan dambe na gaske daga cikin goma sha biyar na sama, mai matsakaicin ƙarfin hannu, wanda zai tsaya turmi goma yana ramawa. A wannan dare ba yawan naushin da Joshua ya kai zan ƙirga ba. Zan jira lokacin da dama mai kyau za ta sauka a haɓarsa, in ga abin da zai biyo baya: zai riƙe, ya ɗaga hannu, ya lallaɓa har ƙararrawa kamar 2017, ko zai tsaya ƙiƙam yana murmushi yana zaro harshe kamar yadda ya yi gaban Dubois? Zan kuma duba abin da zai yi in shi ne ya girgiza wancan, ko zai bi a hankali da hagu a gaba, ko zai sake rugawa haɓa a buɗe. In ya haye waɗannan biyun, a kawo Fury, a yi sau ɗaya, kowa ya tafi gida da mutuncinsa da lafiyarsa. In kuwa ɗan dambe na goma sha biyu a jeri ya kai shi ƙasa sau biyu, ko da Joshua ne ya ci a ƙarshe, ya kamata a soke maganar Fury ko an riga an buga tikiti. Joshua ba ya buƙatar kuɗin, ya tara abin da jikokinsa ba za su cinye ba. Waɗanda ke buƙatar damben su ne masu sayar da tikitin, kuma a hannunsu alƙalamin sa rana yake.